Albasar Baba a Randar Kwali

Shekarar da aka ce ma'aikatarmu ta tattara nata-ya-nata ta bar Legas ta koma Abuja, ni kaɗai ce a ofishinmu nake murna, kuma ban yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Sauran masu buga tafireta kullum cikin ƙorafi suke: wai daji ne, babu kasuwar kirki, babu ɗanyen kifi, macizai har cikin banɗaki. Ina jin su ina ɗaure fayil-fayil da igiya, ina cewa a raina ku dai ku yi ta yi. Ni abu ɗaya na hango. Daga Legas zuwa Jos sai mutum ya kwana a hanya, jikinsa ya yi tsami; daga Abuja kuwa in ka tashi da safe a gidanmu za ka ci abincin rana. A Jos mahaifiyata take, ita kaɗai a gidan haya tun bayan rasuwar Baba, ga idonta yana ta tafiya.

An ba mu gida a kwatas ɗin Garki, hawan ƙasa, domin maigidana ma an taso da tasu ma'aikatar. Gidan sabo ne, warin fenti har yana hawa kai. A bayansa akwai ɗaki ɗaya mai ƙofarsa daban, da ɗan fili na jar ƙasa da magina suka bari cike da ɓaraguzan bulo. Duk inda ka waiwaya a garin a lokacin gini ake yi, manyan motoci na ta sauke kabad-kabad da tebura a bakin ofisoshin da ba a gama sa musu taga ba. Ni kuwa ɗakin bayan nan na sa wa ido tun ranar farko.

Mama ta ƙi da farko. Ta ce ita ba za ta zauna gidan suruki ana jin tarinta ta bango ba. Sai da likita ya gaya mana a fili cewa ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma babu aikin da za a yi. Bayan haka ta zuba wa ƙafarta tafasasshen ruwa garin laluben kofi. A nan ne ta sauko. Ƙanena soja ne, yau yana nan gobe yana can, don haka babu wani wurin da za ta. Ta ce to, amma da sharaɗin ba za ta riƙa ratsa falon mutane ba.

Ranar da muka je ɗauko ta, kayanta duka a mota ɗaya suka shiga: akwatin ƙarfe, tabarma biyu, turmi, da 'yan kwanuka. Sai wani babban gwangwanin madarar gari da ta ƙi yarda a sa a but ɗin motar. A cinyarta ta ɗora shi, ta riƙe da hannu biyu.

Na ce, "Mama, me kika rungume haka? Gwal ne?"

Ta ce, "Albasar babanki ce." Sai ta rage murya, don maigidana ne yake tuƙi, ita kuma ba ta yi masa magana kai tsaye. "Ki ce a daina faɗawa da mu ramuka."

Baba gadina ne. Ya yi shekaru masu yawa yana gyara lambuna a gidajen Turawan kuza, kuma wata matar Bature ce da za ta koma ƙasarsu ta bar masa irin furen nan. Sunansa firisiya, amma bakin Baba bai taɓa zama a kan sunan ba, albasa yake cewa, mu ma duk gidan haka muke cewa. Da ƙaramar albasa take kama kuwa, sai dai ɓawonta kamar an saƙa shi da zare. In damina ta ɗauke ya shuka, ya yi ta ban ruwa. A tsakiyar sanyi sai kara ya fito ya lanƙwasa, furanni su jeru a kansa ta gefe ɗaya, wasu farare wasu ruwan ɗorawa. Kyansu ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙamshin ne. Da safe in sanyin Jos ya sa yatsunka sun ƙage, ka buɗe ƙofa, shi ne zai fara shigowa ɗaki, ya zauna a bargo da tufafi. In zafi ya shigo ganyen ya bushe, Baba ya tone su ya adana cikin yashi har wata shekara.

Iyakar abin da na sani ke nan, kuma daga nesa na sani. Ni 'yar makaranta ce mai farin takalmi, ba na son ƙasa ta taɓa ni. In an tambaye ni aikin babana a aji, cewa nake ma'aikacin kamfani ne. Ban taɓa tsugunawa kusa da shi na ce, Baba, me ya sa kake yin kaza ba. Shi ma ba mai surutu ba ne, yana aikinsa ne kawai.

Da muka iso na buɗe gwangwanin na zazzage yashin a faifai. Guda ashirin da uku ne. Mama da hannunta ta tone su, da lalube, don mai gidan hayar ya ce da ta tashi zai shafe tsakar gidan da siminti. Wato babu saura a can. Abin da yake kan faifan nan shi ke nan abin da ya rage na hannun Baba.

Ta ce, "Ido dai ya tafi, na haƙura. Ki shuka min su inda zan riƙa jin ƙamshinsu."

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Haka na faɗa, da bakina, ina karkaɗe hannu. Ni da nake buga takarda shafi talatin a yini babu kuskure, albasa ce za ta gagare ni?

Na kwashe ɓaraguzan da ke jikin bangon ɗakinta, na sa aka kawo baƙar ƙasa, na shuka su a jere da damina ta ɗauke. Suka fito kuwa, duka. Sai dai ganyen ya yi ta tsawo yana faɗuwa, ba ya tsayawa ƙyam yadda na san na Baba. Sanyin Abuja na asuba ne kawai. Kafin hantsi ya tafi, da azahar kuwa bangon nan sai ka ce an hura wuta a bayansa. Muka jira, muka jira. Cikin ashirin da uku, kara biyu ne suka yi fure, su ma ƙanana.

Na kamo hannun Mama na kai ta, ta durƙusa a hankali ta kai hancinta. Ta daɗe a haka har na fara tsoron gwiwarta.

Ta ce, "Shi ne. Amma kamar daga gidan maƙwabta yake zuwa."

Na ce baƙunta ce, baɗi za su saba.

Da zafi ya shigo ganyen ya bushe, na tambaye ta ko in tone. Ta ce akwai waɗanda Baba yake bari a jikin bango, ƙarƙashin bakin rufi inda ruwa ba ya duka sosai, su da kansu suke dawowa duk shekara, ba mai taɓa su. Wannan amsar ta yi min daidai, don lokacin aiki ya yi mana yawa a ofis. Rabin fayil ɗinmu har yanzu suna Legas, rabi suna cikin kwali a baranda, kowane oga kuma yana son takardarsa jiya. Na bar su a ƙasa na manta da su.

Ban san daminar Abuja ba tukuna. Ruwa ne da in ya tsuge sai ka ce da bokiti ake yi, ga bututun da ke sauko da ruwan rufin benen nan daidai kan wurin yake zuba. In rana ta fito kuma ƙasar ta ɗau zafi tana tururi. Da damina ta wuce na yi ta leƙe, shiru. Mako uku, shiru. Na ɗauko cokalin magina na tona. Guda tara na samu, wasunsu sun koma kamar ƙwayar gyaɗa. Sauran sai ɓawo, in ka matsa ya rufta.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci sai na sami wanda zan ɗora wa. Mama tana zaune a kan tabarma bakin ƙofarta tana jan carbi. Na ce, "Ga shi nan, shawararki ce ta jawo. Da kin bar ni na tone su tun farko."

Ta dai miƙo hannu, na zuba mata taran, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta maido min. Na san na yi ba daidai ba tun kafin in rufe baki. Amma mu ba mu saba cewa yi haƙuri tsakanin uwa da 'ya ba. Na dama mata kunun gyaɗa da yamma, na ɗauka an wuce wurin. Ashe daga ranar ta ɗauke bakinta daga maganar albasa. Tana gidan suruki, ba ta gani, 'yarta kuma ta ce ita ta ɓata. Me za ta ƙara cewa?

A shekara ta biyu na mayar da taran ƙasa, suka yi ganye, ko kara ɗaya bai fito ba. Duk safiya Mama tana fitowa ta zauna kusa da su, ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Da ganyen ya bushe na tone da wuri na zuba a yashi. Bakwai suka rage.

Nan hankalina ya tashi da gaske. Na fara yawo da ɗaya a jakata naɗe a hankici, ina nuna wa mutane. Masu sayar da fulawa da suka fara kafa rumfuna a bakin titi suka jujjuya ta, suka ce ba su san ta ba, amma suna da wata da ta fi ta kyau. Wani ɗan kasuwa Bakano a Wuse ya shinshina ya ce, "Hajiya, wannan ko a miya ba za ta yi ba." Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani jami'in aikin gona da ofishinsu ke hawa na uku a benen ma'aikatarmu, mutum mai tabarau da yawan biro a aljihu. Shi ya gane ta.

Ya ce, "Madam, ba hannunki ba ne, climate ɗin ne. Wannan abu yana son sanyi dare da rana kafin ya yi flower. A Jos zai dawo every year, a Mambila zai dawo. A nan kullum raguwa zai yi har ya ƙare."

Na ce, "To mene ne magani?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Sai dai ki kawo Jos nan."

Maigidana da ya ji ya ce abin mai sauƙi ne. Akwai 'yar ƙanwar Mama da take aure a Bukuru, a kai mata su ta shuka, irin dai ya tsira. Magana ce ta hankali, yanzu na sani, a lokacin ma na sani. Amma na ce, "Malam, in an kai su Bukuru, hancin Mama za a cire a bi da shi can?" Ya dube ni, ya ɗauki jaridarsa. Shi mutum ne da ya san lokacin da zai bar ni da halina.

Gaskiyar ita ce ba Mama kaɗai nake tunani ba. Ba na so a ce 'yar gadina ta kasa. Duk kunyar da na ji da aikinsa yana raye, yanzu da ba ya nan sai ta juye ta zama wani abu mai ci na a ƙirji, ina so in biya shi ban san ta yaya ba.

Dabarar ta zo min ne wata rana da wuta ta ɗauke kwana biyu, ruwan firij ya koma kamar na wanka. Maƙwabciyarmu ta sama ta aiko mana da ruwa daga randarta. Na kurɓa, sanyinsa ya ratsa ni har haƙori. Na tsaya da kofin a hannu. Randa tana riƙe sanyi da tsakar rana, babu wuta babu komai. In ruwa zai yi sanyi a cikinta, me zai hana ƙasa? Mai tabarau ya ce in kawo Jos nan, to ga Jos a cikin tukunya. Na ji kaina ya yi girma. Ban gaya wa kowa ba, don kada a rage min daɗin.

Ran Asabar na shiga mota zuwa Kwali, inda aka ce can ne gidan tukwane. Aka nuna min gidan wata dattijuwa maginiya, 'yar Gbagyi, tana sunkuye ƙarƙashin bishiyar mangwaro tana zagaya wata tukunya da take ɗagawa, hannu duk yumɓu. Randuna jere a rana, jajaye masu zanen baƙi. Na zaɓi biyu matsakaita masu faɗin baki. Ta ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa, ta kasa kunne, ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Wannan ba ya yoyo ko kaɗan. Ruwa zai kwana bakwai a ciki. Na sha ne?"

Na ce na fulawa ne.

Ta miƙe ta goge hannu a zaninta. "A'a, Hajiya. In fulawa ne, zo." Ta kai ni bayan ɗaki inda ta jibge waɗanda suka tsage wurin gashi, wasu gindin ya ɓule, wasu bakin ya gutsure. "Wannan shi ne mutanen fulawa yake ɗauka. Ɗauki wanda kina so."

Abin da na gani a bayan ɗakin nan shi ne tsakar gidanmu ta Jos: fasassun tukwane baƙi ƙirin da hayaƙi, tsofaffin bokitai masu tsatsa, daro mai ɓuli, duk jere a jikin bango da albasar Baba a ciki. In ƙawayena za su zo gidanmu, har zani nake shanyawa a igiya ta wajen don in kare su. A wurina tarkacen nan shi ne talaucinmu a fili. Ga ni yanzu ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, da jaka da takalmi mai tsini, wata tsohuwa tana nuna min juji.

Na ce, "Na yi miki kama da mai tsintar fasassu? Sababbin nake so."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na juya na fara kiran mai mota. Ta dube ni ta dubi randunan, ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Ita ta taya ni naɗe su da ciyawa don kada su fashe a hanya.

Da damina ta ɗauke na cika su da baƙar ƙasa da takin shanu. Huɗu a ɗaya, uku a ɗaya. Zuciyata ta ce in rage biyu a yashi saboda tsaro, na ce a'a, wannan karon ai babu shakka. Na naɗe kowace randa da buhun algarara na jiƙa shi, na ajiye su a inuwar bakin ƙofar Mama. Da safe kafin in tafi ofis in zuba musu ruwan firij, da yamma in na dawo kafin in cire mayafi in ƙara.

Mama ta lalubo ta ɗora tafin hannunta a jikin randar. Fuskarta ta saki. Ta ce, "Kai, sanyi." Ta shafa har wuya, ta taɓa ƙasar da yatsa. Sai ta ce, "Shin a ƙasanta kin…"

Na ce, "Mama, wannan karon ki bar min. Ke dai ki shirya hancinki."

Ta janye hannunta ta mayar cikin mayafi.

Cikin mako biyu duk bakwai suka tsiro, kore shar, tsaye ƙyam. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba tun da muka zo garin. Har mai tabarau na tare a matakala na ce masa ya shirya zuwa ganin Jos a Garki. A mako na huɗu bakin ganyen ya fara yin rawaya. Na ce ƙishi ne, rana ta yi yawa, na ƙara ruwa. Rawayar ta gangaro. Na ƙara ruwa, har da tsakar rana nake satar jiki daga ofis in zo in zuba. Na matsar da su can cikin inuwa. Na canja buhu. Ɗaya ya kwanta, washegari wani ya bi shi. Duk abin da na sani na yi, kuma duk abin da na yi sai abin ya ƙara lalacewa. Sai in tsaya a kansu da buta a hannu, ban san ko in zuba ko in fasa ba, daga ƙarshe in zuba, don shi kaɗai na iya.

Wata Asabar da hantsi ina shanya, Mama tana kan tabarmarta. Ta juya kai wajen randunan.

Ta ce, "Wani abu yana wari a nan."

Na ce kwata ce daga bayan gida.

Ta ce, "Ba kwata ba ce." Ta juyo wajena, kamar mai neman izini. Sannan ta ce, "Ruwan da kike zubawa, ta ina yake fita?"

Na ce, "Fita kuma? Ai ba ta yoyo. Sabuwa ce fil."

Ban taɓa ganin fuskar Mama ta yi abin da ta yi a lokacin ba. Ta rarrafo da gwiwa, ta tura hannu ƙarƙashin randar tana lalube. Ta zagaye gindin duka da yatsunta. Busasshe ne, sumul. Ta koma ta zauna a kan dugaduganta.

Ta ce, "Juye ta."

Na kifar da ita a kan siminti. Wani baƙin ruwa ne ya fara fitowa, mai warin tsohuwar rijiya, sannan taɓo ya biyo. Na sa hannu ina nema. Ta farko da na kama ta narke a tsakanin yatsuna kamar dafaffen dankali. Ta biyu haka. Ta uku haka. Na kifar da ɗaya randar ina cewa Innalillahi, ban ma san ina faɗa ba.

Mama ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Babanki ba ya shuka su a abin da ba ya zubar da ruwa. In tukunya ba ta fashe da kanta ba, ni nake huda masa. In jiƙa gindin, in sa ƙusa in riƙa bugawa da dutse kaɗan-kaɗan. Bokitan nan ma duk ni na ɓula su. Sannan ya zuba tsakuwa a gindin kafin ƙasa."

Na ce, "Ke?"

"Ni. Shekara nawa. Ke kina makaranta."

Na zauna daɓas a cikin taɓon da zanina. Mako shida tana zaune taku biyu daga randunan nan, da sanin a cikin hannunta, ni kuma ina tsallake ƙafarta in zuba ruwa. Na tambayi masu rumfa, na tambayi ɗan kasuwa, na hau bene hawa uku na tambayi mai tabarau. Ita ce kaɗai ban tambaya ba, da ta so faɗa kuma na toshe mata baki. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Baba. Ita ce ma take cewa in tashi kada mutanen sama su gan ni.

Cikin bakwai, guda ɗaya ce ta yi kamar da sauran ƙarfi. Wannan karon na ce, "Mama, yaya za a yi?" Ta ce a yanke inda ya ruɓe, a turmusa ta a toka, a ajiye inda iska ke shiga. Na yi yadda ta ce, harafi da harafi. Na sa ta a murfin kwano a kan tagar ɗakinta. Kullum na dawo ofis nan nake fara zuwa, in tsaya ina kallo, ba ni da abin yi sai kallon. A rana ta takwas Mama ta ce in ba ta. Ta riƙe tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗan matsa. Na ga yatsun sun haɗu.

Ta ce, "Ta tafi." Ta kakkaɓe tokar a gefen tabarma, ta ce in zubo mata ruwa ta wanke hannu.

Na ɗauki hutun kwana biyu na tafi Jos ni kaɗai. Tsakar gidanmu an shafe ta da siminti kamar yadda aka ce, masu haya sababbi sun ajiye injin markaɗe a inda bangon albasar yake. Na je unguwar da Turawan suka zauna; wasu gidajen an kewaye su da dogayen katanga, wasu lambun ya koma gonar masara. Na nemi wani tsoho da suka yi aikin gadina tare da Baba, aka ce ya rasu da azumin bara. Wani mai sayar da fulawa ya ce ya taɓa ganin irinta, in dawo bayan wata biyu. Na dawo, ya ce in sake dawowa. Sau uku na yi wannan tafiyar, sannan na daina.

Mama ta ƙara shekara huɗu a ɗakin bayan nan. Ba ta sake ambaton maganar ba, ko da wasa, ko a cikin faɗa, don mun yi faɗa a kan wasu abubuwan da yawa. Na so ta zage ni sau ɗaya in huta, ba ta yi ba.

Sai dai duk shekara, safiyar da sanyi ya fara sauka, in na fito da kunu zan kai mata, sai in tarar ta riga ta buɗe ƙofa. Tana tsaye riƙe da ƙyaure, ta ɗan ɗaga haɓa, tana jan iska a hankali. Nakan tsaya daga nesa da kwanon a hannu, in hana takalmina ƙara. Amma kunnenta ya fi ƙarfina. Da ta ji ni sai ta sauke kai da sauri, ta gyara mayafi, ta ce, "Ke ce? Dama dubawa nake ko an yi shara."